Majigin da Ba Ya Tashi da Kansa

Romi, Kaduna.

Rifkatu 'yata,

Ina gaishe ki da sunan Ubangijin da ya tsare fitarki daga gidan nan. Ina fata kin sauka Jos lafiya, hanya ba ta wahalar da ku ba, kuma sanyin garin bai fara yi miki wulaƙanci ba. Ki gaishe mini da Goggonki Talatu da 'yan biyunta. Allah ya sa zamanki a gidanta ya zama na alheri, ya tsare ki a hanyar makaranta, tafiya da dawowa.

Kin sami wannan takarda a cikin akwatin majiginki na zane da haske, a daidai inda ya kamata ki ga dayod ɗin lesa guda uku, 'yan ƙwayoyin nan masu harba siririn haske mai ƙarfi. Kada ki zargi yaran mota. Ni na cire su, da safen da kika fita yin sallama da ƙawayenki. Ja da kore da shuɗi, duk suna nan lafiya a cikin gwangwanin da nake ajiye allurai, na ɗaure ƙafafun kowanne da siririyar waya. Ki yi fushinki ki gama, ki kira Mamanki ki faɗa mata cewa mijinta ya tsufa da mugun hali, ta riga ki sani. Sannan ki zauna ki karanta. Ba za ki ga dayod ɗin nan ba sai ranar da kika nuna mini cewa idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, majiginki ba zai tashi da kansa ba.

Na yi karatu a lokacin da karatu yake karatu. Takardar shaidata tana nan rataye a falo, gizo-gizo kaɗai ke kai mata ziyara. Na riƙe wutar sashe guda a masana'anta a Kudenda, injuna suna ruri a ƙarƙashin hannuna, har ranar da aka tara mu a bakin ƙofa aka yi mana godiya aka sa kwaɗo. Tun daga nan nake naɗa wayar fanka da gyaran dutsen guga a ƙofar gida, mutanen da ba su san bambancin waya mai rai da matacciya ba suna kirana Baba Mai Fanka. Ban tara abin da zan bar miki ba. Kurakuraina kaɗai na tara, su kuwa na biya su da tsada, don haka ki karɓa, kada ki sake sayen su da kanki.

Dayod na farko da na taɓa riƙewa bai kwana a gidan nan da ransa ba. Wani tsohon abokin aikina, Malam Sani na Makera, shi ya kawo mini shi daga wata matacciyar na'ura. Na duba ƙarfin wutar da yake so, na waiwaya na ga cajar waya a kan tebur, na ce ai ga ta nan kusa da kusa. Na jona. Ya yi wani haske guda ɗaya da ya cika ɗakin, sannan ya koma ɗan ƙyalli kamar garwashin da ya kwana a murhu. Mamanki ta leƙo ta ce, "Injiniya, an gama fim ɗin ke nan?"

Abin da girman kai ya hana ni tsayawa in tuna shi ne, dayod ɗin lesa ba ƙwan fitila ba ne. Ƙwan fitila yana cin abin da ya ishe shi ya tsaya. Shi wannan bai san ƙoshi ba. Akuya ce ta sami rumbu a buɗe: yana ci yana zafi, yana zafi yana ƙara ci, har cikinsa ya fashe. Shi ya sa ba a haɗa shi kai tsaye da caja ko batir, ko da na gwaji ne, ko da na ƙiftawar ido. Sai an sa masa ɗan allon nan da kuke kira direba, wanda ke auna masa abincinsa. Kuma shi kansa direban kada ki yarda da shi don mai shago ya ce an riga an saita. Ki jera dayod na gama-gari, irin masu arha na cikin tsohuwar rediyo, da resisto ɗaya mai rage gudun wuta, su tsaya a madadin na gaske. Ki sa mita, ki juya ɗan sukurun da ke jikin direban a hankali daga ƙasa, ki ga da idonki abin da ke fita. Ki tsaya ƙasa da iyakar da aka rubuta a takarda. Lambar da mai sayarwa ya rubuta da alkawarin ɗan takara uwarsu ɗaya.

Na biyu na kashe shi da halin garin nan. Kin san yadda muke haɗa waya: a murɗa biyu wuri ɗaya, a yage leda a naɗe, a ce Allah ya kiyaye. Haka na yi. Ina cikin aiki gwiwar hannuna ta taɓa wayar, ta rabu, ta sake haɗuwa. Shi ke nan. A ɗan lokacin da ta rabu, kafasitar direba, 'yar ma'ajiyar wutarsa, ta cika tumbinta, da wayar ta koma sai ta juye wa dayod duka a lokaci guda. Don haka ki liƙe kowace mahaɗa da dalma, ki yi sauri da ƙarfen kada zafinsa ya hau ƙafar ya shiga ciki. Kada ki cire dayod ko ki jona shi direba yana kunne. Ko a kashe yake, ki fara haɗa bakin wayoyinsa biyu na fita su zubar da abin da ya rage. Ki duba wace ƙafa ce ta shiga, wace ce ta fita, ki sake dubawa. Idan kika juya su, ba ya yi miki gargaɗi, mutuwa kawai yake yi.

Akwai kuma kisan da ba a gani. Jos gari ne mai bushewa. Ki zauna a kujerar roba da rigar sanyi, ki tashi, jikinki ya tara wutar da ke ba za ki ji ba amma ta ishi dayod ajali. Ki bar ƙafafunsa a ɗaure da juna har sai kin zo liƙewa, ki kuma ɗaura wayar nan ta wuyan hannu mai zubar da wutar jiki zuwa ƙasa. Sai dai kada ki ɗauka ramin soket na uku yana zuwa ƙasa don kawai kin ga rami. Na buɗe soket a gidaje daga Narayi har Romi, mafi yawansu ramin nan ado ne, babu abin da ke bayansa sai gidan kyankyaso. Ki gwada na gidan Goggonki da mita. Idan babu, ki kafa ƙarfe a ƙasa mai laima a bayan ɗaki ki ja waya. Za su ce 'yar Bulus ta zo da tsirfa. Ki bar su su ce.

Zafi kuwa ba ya kisa nan take, ci yake yi a hankali kamar gara. Dayod yana zama ne cikin gidansa na tagulla, gidan kuma cikin alminiyam mai fukafukai, da ɗan farin man nan mai jan zafi a tsakani, da fanka tana hura masa. A matse shi a miƙe, a hankali, da abin matsewa na teburin aiki. Ni na taɓa sa ƙaramar guduma. Ba zan ƙara magana a kan wannan ba.

Maganar tabarau. Da na fara, na aika wa Malam Sani cewa ina neman abin kare ido, sai ga shi da tabaran masu walda.

Na ce, "Malam, wannan zai yi kuwa?"

Ya ce, "Haba Injiniya! Abin da ya tare walda? Da wannan ko rana ka kalla sai ta sunkuyar da kai."

Na ce, "To idan na makance fa?"

Ya ce, "Sai in ja maka gora, dama ka daɗe ba ka ganin gabanka."

Muka yi dariya, mu biyu tsofaffin ma'aikata, kowa yana jin kansa masani, kuma dukanmu a kan kuskure. Baƙin gilashi ba shi ne kariya ba. Yana iya ma sa ƙwayar ido ta ƙara buɗewa don duhu, hasken ya sami ƙofa a wangale. Kowane launi da tabaransa, an rubuta a jikin gilashin irin hasken da yake tarewa. Wanda ke tare shuɗi ba lallai ya tare ja ba. Idan za ki saita maduban majigin, ki kunna launi ɗaya kawai, a mafi ƙanƙantar ƙarfinsa, da tabaran wannan launin a fuskarki. Kuma kafin ki kunna ki dubi ɗakin da idon ɓarawo, ki nemi duk abin da ke ƙyalli: tayil, gilashin taga, kwanukan silba da Goggonki ke jerawa a kabad, agogon hannunki, zobenki. Hasken da ya daki kwano ya dawo bai rasa haƙoransa ba.

Duk waɗannan kin iya su, wasu ma kin fi ni. Na ga liƙinki na dalma, ya fi nawa tsabta. Ba don su na cire miki dayod ba.

Kin san labarin idona na dama, kina firamare lokacin, amma kullum a gidan nan a taƙaice ake faɗinsa, a ce lesa ta taɓa Baba. Bari in faɗa miki yadda ya faru, domin a cikin yadda ɗin darasin yake.

Ranar Asabar ce da rana tsaka. Na sami shuɗin dayod mai ƙarfi, na yi komai daidai a karo na farko: direba a saite, mahaɗa a liƙe, tabarau na gaskiya a fuskata. Ina kallon ɗigon haske a bango ina jin kamar an mayar da ni mutum. Sai aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya, rediyon maƙwabta ya yi shiru. Na yi tsaki kamar kowa. Na tura tabarau goshi, don me zan zauna da jan gilashi a ɗaki mai duhu? Na ce bari in yi amfani da wannan dama in goge ƙurar da na gani a gilashin gaba. Na sunkuya, na kai ido kusa.

Ban kashe makunni ba. Wa ke kashe makunni a garin nan idan an ɗauke wuta? Mu da muke barin ƙwai a kunne da gangan don ya gaya mana an kawo. Tun muna yara aka koya wa hannunmu cewa ɗaukewar wuta ita ce kashewa, kuma lokacin da babu wuta shi ne lokacin taɓa abin da ba a taɓawa.

Na ji ihun yaran layi, "An kawo wuta! An kawo wuta!" Amma na riga su sani. Ba zafi, Rifkatu. Wannan ne abin da mutane ba su yarda da shi. Ba zafi ko kaɗan, shuɗi ne kawai ya cika duniya ya wuce. Na miƙe, na rufe idon hagu, na dubi kalandar bango, sai na ga tsakiyarta babu. Likitan ido ya duba ya ce wurin ya ƙone, ba abin da za a ɗinke, ba abin da za a ɗiga. Har yau idan na dube ki da idon nan ina ganin ɗankwalinki da kafaɗunki, fuskar ce babu. Shi ya sa nake karkata kai idan ina karatu, Mamanki tana cewa na zama kaza mai kallon shaho.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba idon ba ne. A masana'anta babu injin da ke tashi da kansa. Kowanne yana da maɓalli kore da ja. Idan wuta ta ɗauke, abin da ke riƙe da layin, wato rile, sai ya saki, kuma ko an dawo da ita injin yana nan shiru har sai mutum ya zo da ƙafarsa ya danna kore. Don me? Don an san idan inji ya tsaya, wani zai cusa hannu a ciki. Ni da hannuna na ɗaura irinsu ba adadi. Ni nake yi wa sababbin ma'aikata tsawa a kai. Na zo gidana, kan teburina, na ce wannan ƙaramin abu ne, na wasa, makunni ɗaya ya isa.

Da na ce ki sa wa naki irin wannan, kin tuna amsarki?

"Baba, ai zan dinga kashewa mana. Ni ba yarinya ba ce."

Na ce, "Ni da na manta yaro ne?"

Kika ce, "Ku zamaninku daban. Kuma akwatin ya cika, ba wurin wani rile. Idan na je Jos zan duba."

Idan na je zan duba. Da wannan maganar aka gina rabin ƙasar nan, shi ya sa take zubewa.

To ga abin da ba ki sani ba. Wutar da aka ɗauke ranar Laraba kina tsakiyar saita kore, ba masu wuta ba ne. Mamanki ce. Ni na tura ta ta sauke babban makunnin gida, na ce kada ta mayar sai na kira ta. Ta ce, "Kai dai ba ka rabo da neman magana," amma ta je. Ina zaune a bakin ƙofa ina yi kamar ina naɗa waya, ina kallonki da idon da ya rage. Kika yi tsaki. Kika ce, "Waɗannan mutane ba su da tsoron Allah." Kika tura tabarau goshi. Kika ɗauki wayarki kika duba saƙo. Sannan kika sunkuya, kika kai fuska gaban madubi kina hura masa iska. Makunni yana kunne.

Na ga kaina, Rifkatu. Har yadda kika karkata wuya. Na tashi na zare fulogin daga bango. Kika ce, "Baba lafiya?" na ce ina son soket ɗin ne.

Ban kira wannan sakaci ba. Ke ba mai sakaci ba ce. Garin ne ya horar da hannunki kamar yadda ya horar da nawa, kuma alkawarin baki ba ya kankare horon shekara da shekaru. Shi ya sa ba a dogara da tunawa. Ana gina na'urar ne yadda ko kin manta, ita ba za ta manta ba.

Kuma yanzu ba idonki kaɗai ke ɗakin ba. Ki auna tsayin 'yan biyun Goggonki da tsayin teburin da za ki ɗora majigi. Idonsu da bakin gilashin layi ɗaya suke. Kin kuma san abin da yara ke yi idan aka kawo wuta: da gudu suke shigowa, ba sallama, kowa yana son ya riga ɗan'uwansa zuwa talabijin. Haka idan aka tayar da janareto aka juya layi ba tare da an gaya miki ba. Ni na rasa tsakiyar ido ɗaya ina da furfura, na riga na ga abin da zan gani, yawancinsa ma bai cancanci kallo ba. Su ba su fara ba.

A ƙasan akwatin, cikin tsohuwar safata, akwai rile ɗaya, da maɓalli kore da ja, da makunni mai ɗan makulli. Ban haɗa miki ba, kuma da gangan ne. Abin da hannunki bai haɗa ba, ranar da ya dame ki za ki tsallake shi da guntun waya. Ki sa shi a ɓangaren ƙaramar wuta, tsakanin abin da ke rage ƙarfin wutar gida da direbobi. Kore ya ba rile wuta, rile ya kama, ɗaya daga cikin bakunansa ya riƙe masa layin bayan kin ɗaga yatsa. Ja ya yanke riƙon. Idan wutar gida ta tafi, ya saki, kuma ba mai sake kama shi sai yatsan mutum. Makullin ya zo kafin su duka, kuma wurin zamansa wuyanki ne, ba jikin akwati ba. Idan akwatin ya cika, ki sake akwati. Kafinta bai ƙare a Jos ba.

Ranar da za ki nuna wa mutane, ki ɗora shi sama, hasken ya wuce kan wanda ya fi kowa tsawo ko da ya ɗaga yaro a wuya, ya ƙare a bango marar ƙyalli. Za a sami wani mai babbar riga ya ce ki ɗan sauke shi kan jama'a don a yi armashi. Ki ce a'a. Idan ya ce ke 'yar wa ce, ki ce 'yar mai ido ɗaya da rabi. Kada ki harba shi sama, kada ki harba shi titi. Ba ki san wanda ke tuƙi a ƙarshen hasken ba.

Na san akwai kasuwa a Jos. Na san za ki iya yin oda a wayarki a kawo miki wasu dayod har ƙofar gida, ki kunna majiginki ba tare da kin sake bi ta kaina ba. Ba ni da ikon hana ki. An daɗe da ƙwace mini ikon hana komai. Abin da nake da shi kawai gwangwanin allurai ne da taurin kai, kuma ba zan saki ko ɗaya ba.

Ga yadda za a yi. Idan kin gama, ki sa ƙaramin ƙwai na gama-gari a inda lesa za ta zauna. Ki kira wayar Mamanki ta bidiyo, ta riƙe mini a gefen hagu. Ki murɗa makulli, ki danna kore, in ga ƙwan ya kama. Sannan Goggonki ta zare fulogi daga bango, lokacin da ta ga dama, ba tare da ta gaya miki ba. Ta mayar. Ke kuma ki naɗe hannuwanki a ƙirji inda zan gan su.

Na shafe rayuwata a garin nan ina zaune ina jiran ƙwai ya kama. Wannan karon ɗaya ina so in ga an kawo wuta, ƙwan ya ƙi. Idan ya zauna a mace har sai kin danna kore, washegari zan sa gwangwanin a aljihun gaba, in tafi tasha, in kawo miki su da kaina, ni da na rantse ba zan ƙara hawa motar haya mai nisa ba. Zan tsaya a bayanki da tabarau a fuska ki liƙe su ɗaya bayan ɗaya. Nawa majigin bai taɓa zana komai ba sai ɗigo guda a bango. Ina so in ga naki ya zana abin da kika ce zai zana, ko da sai na karkata kai kamar kaza.

Ubangiji ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin gaggawa. Ya tsare gidan da ya karɓe ki, manya da yara. Ya kiyaye miki idanunki biyu har ki tsufa ki ga jikokinki da su, fuska da duka. Mamanki tana gaishe ki, ta ce in gaya miki ba da son ranta ta sauke makunnin ba, ƙarya take yi, har dariya ta yi. Ki ci abinci. Ki sa rigar sanyi. Wayar Mamanki tana kan caji.

Mahaifinki,
Bulus